Karan Dawar da Ya Tsare Babana a Gadon Asibiti

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun shige mini, sai ƙannena sun tuna mini nake cewa, "Af, haka fa aka yi." Amma abin da ya faru a gidanmu a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi tiryan-tiryan. Ba na jin zan manta da shi har ranar da zan koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina aji shida a firamare. Gidanmu yana Kwarbai, cikin birnin Zariya, tsohon gidan ƙasa ne mai zaure da shigifa. Ni yarinya ce mai shiru, irin wadda malami kan manta tana cikin aji. Sai dai bakina ne kawai ke shiru, idona ba ya hutawa. Na san wace kaza ce ke satar ƙwai a akurkin maƙwabta, na san wace baƙuwa ce ke murmushi alhali ranta a ɓace yake.

Babana ɗan sanda ne, kofur. Mahaifinsa, wanda duk gidan muke kira Malam, tsohon magatakardan kotun alƙali ne, ya ajiye aiki ya koma zaman zaure da littattafansa. Maganarsa ita ce magana a gidan. Ni kaɗai yake yi wa wasa, irin wasan kaka da jika. Yakan kira ni amaryarsa, ni kuwa sai in sunkuyar da kai in wuce, ban taɓa ramawa ba.

A makonnin farko na sauya hannun, an riƙa tura su Baba sintiri a hanyar Kano don su tunatar da direbobi. Ranar da abin ya faru na dawo makaranta da azahar, na tarar da keken 'yan sanda jingine a ƙofar gida. A zaure wani kurtu ya durƙusa gaban Malam, ya cire hularsa yana ta jujjuya ta a hannu. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne takalmin Baba ƙafa ɗaya, ɗaure a bayan keken. Na tsaya ina tambayar kaina ina ɗayan yake. Daga baya na ji cewa a asibiti aka yanka shi da almakashi kafin a iya cire shi.

Kurtun ya ce wata gingimari ce ta shawo kwana, direbanta ya manta ya koma tsohon hannu, ta haɗu da landirobarsu gaba da gaba. Baba ne a gefen da aka daka. Yana da rai, an kai shi asibitin Wusasa.

Ni na shiga da labarin cikin gida. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a bakin madafi. Ta ajiye rariya a hankali, ta yi salati, sannan ta yi mini tambaya ɗaya: "Kai ne ko ƙafa?" Na ce ƙafa na ji an ce. Ta ce, "To." Ta tashi ta wanke hannunta, ta goge, ta sake wankewa. Ban ga hawayenta ba, a ranar ko bayanta. Wannan ya daɗe yana ɗaure mini kai, don matan maƙwabta da suka shigo jaje sun fi ta kuka nesa ba kusa ba.

Washegari Malam ya ba da izini muka tafi, ni da Inna, shi kuma ya riga mu. Ban taɓa shiga asibiti ba sai ranar. Dogon ɗaki ne mai gadaje jere, yana warin maganin wanke ƙasa. Baba yana can kusa da taga, fuskarsa ta kumbura, amma ba fuskar na tsaya kallo ba. An ɗaga ƙafarsa ta hagu a kan wasu ƙarafa, an soka wani siririn ƙarfe a ƙasan gwiwarsa ya fito ta ɗaya gefen, an ɗaura masa igiya. Igiyar ta bi ta kan wata 'yar ƙafar ƙarfe mai juyawa ta sauka bayan gado, a ƙarshenta kuma ga ɗan buhun yashi yana reto. Na zagaya na leƙa buhun. Yashi ne dai irin na bakin rafi. Na yi ta mamakin yadda yashi zai yi maganin karaya.

Malam kuwa yana tsaye, ya ƙura wa ƙarfen ido. Can ya ce, "Ɗan mutum aka soke haka kamar tsire?" A gadon da ke kusa akwai wani mutum da bargo ya kwanta shafe a inda ƙafarsa ta dama ya kamata ta kasance. Na ga Malam ya dube shi, ya dubi Baba, ya kaɗa kai. Kafin mu fito ya yanke magana: ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a ɗauko Baba a kai shi wurin wani tsoho mai ɗori a Ƙofar Kibo, wanda gidansu suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni. "Ba zan zauna ina kallo a yanke masa ƙafa ba," in ji shi.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, 'yar Wusasa ce, Bahaushiya Kirista, mai faɗa amma mai kirki. Da ta ji maganar sai ta ja Inna gefe, ni ma na bi su. Ta ɗauko hoton ƙashin Baba ta ɗaga shi a hasken taga. Na ga ƙashin cinyar fari fat, ya karye a karkace kamar an sare rake da adda, bakin ɗaya ya hau kan ɗaya. Ta ce, "Kin ga wannan? Yashin nan shi ke jan ƙafar don bakunan su daidaita. Kuma ƙashin ya huda fata, ciwon a buɗe yake. In aka sauke shi daga igiyar nan aka naɗe ciwon, ruɓewa zai yi. Abin da surukinki ke gudu, shi zai jawo da hannunsa."

Inna ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta ce, "Ashe haka cikinsa yake." Sista ta yi dariya ta ce, "Haka na kowa yake, har na surukin naki."

Inna ta koma bakin gado ta tambayi Baba a hankali me yake so. Zazzaɓi na cinsa, ya rufe ido ya ce, "Duk abin da Malam ya ce." Mutumin da ke tsayar da manyan motoci da ɗaga hannu ɗaya, bai iya ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Nan na gane cewa ƙafar Baba tana hannun mace ɗaya, macen da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Malam ba, balle ta yi masa musu.

Kwana biyu ina kallon Inna. Tana dama kunu, tana shirya langar abinci, tana karɓar masu jaje, amma na lura tana tsayawa da ludayi a hannu kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Ranar Laraba da muka taso daga asibiti, maimakon gida sai ta ce wa mai tasi ya sauke mu a Ƙofar Kibo. Muka yi tambaya aka nuna mana gidan mai ɗori.

Wurin matarsa muka shiga. Bayan gaisuwa aka kira tsohon, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ta waje, mu muna ciki. Siriri ne, amma yatsunsa manya, masu kauri kamar tushen rogo. Inna ta gaya masa komai, ba ta rage ba: ƙarfen, igiyar, yashin, da ciwon da ke buɗe. Da ta zo kan ciwon na ga ya daina jan carbinsa. Ya ce, "Ƙashin ya leƙo waje?" Ta ce ya leƙo.

Sai Inna ta ce, "Baba, ina yarinya a ƙauyenmu wani ya faɗo daga kan rimi, ba a iya ɗaukarsa ba. Na ji manya na cewa a jikin kara aka yi masa ɗori daga nesa. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko kuwa zancen tsofaffi ne."

Tsohon ya dubi matarsa, matar ta kau da kai tana gyara ɗankwali, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ya ce, "Ana yi, 'yata. Mahaifina ya yi, ni ma na yi. A samo karan dawa busasshe, wani jininsa ya auna daga ƙugu zuwa gwiwa a kawo mini. Sai dai yana da sharaɗi." Ya ɗan dakata. "Inda aka auna mutum, nan zai zauna. Ba a motsa shi, ba a sauya masa kwanciya, ba a taɓa abin da aka tarar a jikinsa, har sai kara ya kama. In aka ɗaga shi, aikin ya warware, kuma ba ruwana."

Har yau ban sani ba ko sharaɗin nan gadonsa ya yi, ko a bakin ƙofar nan ya ƙirƙiro shi. Na sha juya abin a raina. Dakatawar nan da ya yi ita ce ta hana ni sakewa.

Saura babban aikin, wato gaya wa Malam. A gidanmu suruka ba ta magana da surukinta kai tsaye, sai dai ta bakin yaro. Da la'asar Inna ta durƙusa a shigifa bayan ƙofa, ta tura ni zaure. Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, kowa na jin numfashin kowa, amma dole sai maganar ta bi ta kaina.

Malam ya ɗago daga littafi ya ce, "A'a, amarya da kanta? Yau kuma me na yi aka zo biko, ko kuɗin cefane ne ya gaza?"

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Ki ce ina gaishe da Malam." Na ce tana gaishe shi. Ya ce, "Ki ce ina amsawa." Na juya na ce yana amsawa.

Haka muka yi ta yi. Ta faɗa, in maimaita, ya amsa, in mayar. Ta ce mun biya ta gidan mai ɗori don a sanar da shi tun da wuri. Ta kawo zancen karan da sharaɗinsa. Ba ta ambaci Sista ba, ba ta ambaci hoto ba ko sau ɗaya. Malam ya saurara har ta gama, sannan ya rufe littafin ya ce, "Ki ce mata ni na haife shi."

Inna ta ce, "Ki ce wa Malam shi ya sa ba mai yankewa sai shi."

"Ki tambaye ta, in suka yanke ƙafar ina nan zaune ina gadin kara fa?"

Na juya ina jiran amsa. Shiru. Ta ƙofar ina hango gefen mayafinta da hannunta dafe da ƙasa, yatsun sun nutse cikin turɓaya. Ita ma ba ta da tabbas. Malam ya ce, "Amarya, me ta ce?" Ya san sarai ba ta ce komai ba. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, sai na ji bakina ya ce, "Ta ce tana jin tsoro. Ta ce kai ma ta san tsoro kake ji."

Na ji Inna ta ja numfashi a bayan ƙofa. Na sadaƙar mari zan sha ta gaba ko ta baya. Malam ya dube ni tsawon lokaci, kamar yau ya fara ganina. Sai ya ce, "Ashe amaryar tawa tana da baki. Shekara da shekaru ina zaune da kurma." Ya jawo takalmansa ya ce zai je ya ji daga bakin mai ɗorin da kansa. Da ya dawo bayan magariba yana riƙe da dogon karan dawa. Ya miƙo mini ya ce, "Ke ce jininsa. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Washegari na shiga asibiti da kara a ɓoye cikin mayafin Inna, ina gudun kada Sista ta kore mu. Ina cikin lallaɓawa zan ɗaga bargo sai na ji muryarta a kaina: "Ke, me za ki yi mini da kara a ɗaki? Kunu za ki dama?" Inna ta yi mata bayani a taƙaice, har da sharaɗin. Sista ta tsaya, ta dubi Inna daga sama har ƙasa, ta ce, "Wato ba a motsa shi?" Inna ta ce, "Ba a motsa shi." Sista ta ce, "Kai, wannan mai ɗori ya iya aiki. Kakata ma an taɓa yi mata." Ita da kanta ta riƙe mini bargon. "Auna ta wannan gefen. In kika taɓa mini igiya, ke ma sai na rataye ki."

Na ɗora karan a gefen cinyar Baba, na sa farce na yi alama daidai gwiwa. Baba ya buɗe ido ya ce, "Wando za a ɗinka mini ne?" Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da abin ya faru, ko da yake bai ja ta da nisa ba saboda haƙarƙarinsa ma ya bugu.

Ni da Malam muka kai karan Ƙofar Kibo. Tsohon ya yanke shi daidai alamata, sannan ya tambaye ni, "An ce kin ga hoton. Yaya ta karye, a miƙe ko a karkace?" Na nuna masa da hannu. Ya sa wuƙa ya sare karan a karkace daidai yadda na nuna, ya haɗa bakunan, ya shafa man shanu, ya jera 'yan tsinkaye kewaye da shi, ya naɗe da tsumma fari yana tofi. Na zuba ido ko zan ga wani abin mamaki, ban ga komai ba sai yatsun nan masu kauri suna aiki a hankali kamar suna riƙe da jariri. Ya miƙa wa Malam ya ce, "A hannunka zai zauna. Ranar da ya taka ƙasa da ƙafarsa, ka kwance."

Malam ya soke karan a jikin azarar zaure, daidai saman inda yake zama, ya kafa doka ko shara ba a yi da ƙarfi a wurin.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Kwanciyar ta yi tsawo, wata ya wuce, wani ya kama. Zazzaɓi ya sauka, ciwon ya fara rufewa, sai gajiya ta kama Baba. Bayansa ya yi zafi, ya gaji da kallon rufin ɗaki, ya gaji da a kawo masa tasar bahaya a gado. Wata rana a gabana ya roƙi Malam, "Don Allah a mayar da ni gida haka nan, na ji sauƙi. Ko a tabarma ne in kwanta a ɗakina." Mutumin da ya rantse sai ya fitar da shi, shi ne ya daka masa tsawa: "Kul! Kara bai kama ba. Ko yatsa ka sauke daga gadon nan ban yafe ba." Sista tana wucewa da tire, ta ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Malam," ba ta ko tsaya ba. Inna kuwa tana zuba kunu a kofi, kanta a ƙasa, kamar ba da ita ake ba.

Ni dai karan nan ya hana ni sukuni. Kullum zan wuce makaranta sai na ɗaga kai na dube shi. Shin yana haɗewa a cikin tsumman? In ya haɗe, tabo zai yi ko zai koma sumul? Wata rana da Malam ya tafi masallaci na jawo turmi na hau, na kai hancina dab da shi. Warin tsohon man shanu kawai na ji, sai wani gizo-gizo da ya yi saƙa tsakaninsa da azara. Na miƙa yatsa, sai na tuna ƙafar Baba, na janye. Ko da ban gaskata duka ba, ban yarda in gwada da ƙafar ubana ba.

Sai da damina ta yi nisa aka sallamo Baba. Ya sauko daga mota a ƙofar gida da sanduna biyu, ya rame, amma ƙafafunsa biyu ne. Ya dafa bango ya taka dokin ƙofar zaure da ta hagun. Malam ya miƙe ya zare karan daga azara, ni kuwa na matso har ina taka masa riga. Ya dube ni ya ce, "Amarya, ba a leƙa asirin miji." Ya shige ɗakinsa da shi ya turo ƙofa. Da ya fito hannunsa ba komai, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani ba har ya bar duniya.

Baba ya koma aiki da ɗan ɗingishi, aka ba shi tebur a caji ofis, bai sake hawa motar sintiri ba. In an tambayi Malam, sai ya ce ɗorin Ƙofar Kibo ne. In an tambayi abokan aikin Baba, sai su ce aikin asibiti ne. Ba wanda ya taɓa ambaton Inna.

Bayan na yi aure na haihu, wata rana muna tsinke zogale ni da ita, na ce, "Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ke kin yarda da karan nan?" Ta ci gaba da tsinkarta, ta ce, "Ni ban san kara ba, ban san yashi ba. Na dai san tsoho ba ya iya zama hannu rabbana ɗansa na kwance. In ba ki ba shi abin riƙewa ba, ɗan zai ɗauko."

Wannan shi ne abin da na koya, kuma ya yi mini amfani a gidan miji da wajen renon 'ya'ya fiye da yawancin abin da na karanta a aji. Sau da yawa mai taurin kai ba gardama yake nema ba, tsoro ne ya cika shi, yana neman abin da zai yi da hannunsa don wanda yake ƙauna. In ka tsaya sai ka kayar da shi da hujja, kana iya cin gardamar ka rasa abin da ake gardamar a kansa. Inna ba ta kayar da kowa ba. Ta bar wa Malam girmansa, ta bar wa mai ɗori sana'arsa, ta bar wa asibiti majinyacinsa. Ita kuma ta samu abin da ta fita nema, mijinta ya shigo gida da ƙafarsa.